Kwalin da Ya Riga Ni Zuwa Gidan Hajiya

Zoɓo na iya, wanda mu a zangon Kumasi muke ce wa sobolo. Ban iya tuƙi ba, Turancina gajere ne, karatun ma sai da na haihu na zauna a ajin manya na koyi haɗa baƙi. Amma a ba ni busasshen zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na san abin da zan yi da su.

Shekarun farko da muka zo Bronx, nan Amurka, da zoɓon nan na san mutane. Ranar Alhamis in dafa, in tace, in ɗura a robobi, in jera a firiji. Ranar Juma'a in zuba su a keken cefane in tura zuwa bakin masallacinmu, in tsaya kusa da Hajiya mai shinkafa da wake. Hajiya ta girme ni, ta kuma riga ni zuwa ƙasar nan da daɗewa. Ita ta koya mini shiga jirgin ƙasa, ita ta nuna mini shagon da ake samun daddawa, ita ta zauna da ni a asibiti ranar da na haifi auta, mai gidana yana can yana tuƙa tasi bai ji waya ba. Ba mu haɗa jini ba, amma duk wanda ya zo daga baya yana ɗauka yayata ce. Mu ma ba mu taɓa gyara wa kowa ba.

Babbar 'yata ce ta canza mini sana'a. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa Uwata nake ce mata. Da ta gama makaranta ta sami aiki a wani kamfani da ke yi wa masu gonar inabi shago a intanet. Su masu gonar, giya suke matsewa daga inabin, kuma suna so su sayar wa mai sha kai tsaye, ba sai kwalba ta bi ta hannun ɗan kasuwa ba. Ranar da ta faɗa wa babanta ko wane irin kamfani ne, ya ajiye cokali ya dube ta.

"Baba, ni ba na taɓa kwalba," ta ce. "Ko warinta ban sani ba. Kwamfuta ce kawai a gabana."

"Kwamfutar ba ta sha?"

"Ba ta sha, Baba."

"To, Allah ya sa ku biyun ku dawwama a haka."

Ya ci gaba da cin tuwonsa, amma na san maganar ba ta wuce masa ba. Ita ma ta sani. Ina jin shi ya sa ta ƙudura sai ta nuna mana cewa abin da ta koya yana iya yi wa halal aiki.

Wata Juma'ar hunturu Uwata ta biyo ta bakin masallaci ta same ni ina hura yatsuna, robobin sun yi sanyi kamar ƙanƙara, ba mai saye. Bayan 'yan makonni ta zaunar da ni a falo ta buɗe kwamfuta. Sai ga hoton hannuna riƙe da ludayi, ga zoɓona a doguwar kwalbar gilashi, ja wur, ya yi kyau har na yi shakkar nawa ne.

"Mma, shagonki ke nan. Ba sanyi, ba tsayuwa. Mutane su za su zo gare ki."

Shugabanta ne ya yarda ta yi amfani da manhajar kamfanin, wato tsarin da ke tafiyar da shagon. Ta yi mini bayani a hankali, rabi da Hausa rabi da Turanci, yadda yaranmu suke yi. Masu giya suna da abin da suke kira kulob. Mutum zai sa lambar katinsa sau ɗaya, daga nan duk farkon wata manhajar ta cire kuɗin da kanta, a kai masa kwali har ƙofa. Ba sai ya tuna ba, ba sai an roƙe shi ba. Ta ce haka za a yi da zoɓona.

Abu ɗaya ya ba ni dariya. Kafin a shiga shagon, sai an tambayi mutum ko shekarunsa sun kai na shan giya. In an kai kaya kuma, dole wanda aka rubuta sunansa ya fito da kansa, ya nuna katin shaida, ya sa hannu.

"Uwata, zoɓo ne fa. Jarirai ma muna ɗiga musu."

"Na sani, Mma. Don masu giya aka gina shi, wannan ɗin a jikin ginin yake. Na roƙi a cire mana, sun ce sai an samu lokaci."

Ba a samu lokacin ba.

Na yi murna, kada in yi ƙarya. Yarinyar nan ta yi ta zirga-zirga har ta samo takardar izini. Ta ce hukuma ba ta yarda a dafa na sayarwa a kicin ɗin gida ba, sai ta kama mana haya a wani babban kicin can ƙasan Bronx, inda masu sana'a iri-iri suke karɓa-karɓa. Kowa da ranarsa. Ranakun da suka rage babu mai su, Alhamis da Juma'a ne. Na ce ba komai, na ɗan lokaci ne.

Oda ta fara shigowa. Wayata ta koyi wani ɗan kuka, ƙyal, kamar an taɓa kofi da cokali. Da farko in na ji sai in ce alhamdulillahi. Masu sayen Turawa ne, da baƙaƙen Amurka, da 'yan Jamaika da suka ce su ma suna da irinsa a gida. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba.

Wata rana na ce wa Uwata ta koya mini yadda zan gode musu, don bai kamata mutum ya sayi abinka ka yi shiru ba. Ta yi dariya.

"Ai kin riga kin gode musu."

"Yaushe?"

Ta nuna mini. Duk wanda ya yi oda, saƙo yana tafiya gare shi da sunana. Na sa yatsa ina bin layin a hankali yadda aka koya mana a aji. Wai ni ce nake cewa na ji daɗi ƙwarai. Wai ni ce nake cewa kwalinsa zai iso ranar Asabar ba fashi. In ranar haihuwar mutum ta zo, ni ce nake taya shi murna har in yi masa ragi. In ya zaɓi kaya a shagon bai biya ba ya tafi, ni ce nake bin sa ina cewa, ka manta da wani abu. Ni da ko a bakin masallaci ban taɓa kiran mai wucewa ba, sai Hajiya ta kira mini.

"Wannan matar ta fi ni baki," na ce.

"Ke ce, Mma."

"A'a. Ni dai nake biyan abin da ta faɗa."

Ta ɗauka wasa nake yi. Amma haka abin yake. Mu an rene mu a kan cewa in ka ce wa mutum Asabar, to Asabar ce, ko da ciwo kake. Balle wanda ya riga ya ba da kuɗinsa, wannan amana ce a wuyanka. Matar da ke cikin wayar ba ta gajiya, ba ta da ciwon baya, ba ta da biki ba ta da suna. Alkawari kawai take yi, ni kuma in tashi in cika.

Juma'a ta fita daga hannuna. Sallar ma a wani lungu na kicin ɗin nake yi, tsakanin buhunan fulawar wani mai burodi. In na haɗu da matanmu a jirgi sai su ce, "A'a, mai kamfani! Yau an ga wata." Wata 'yar Nijar mai sayar da turare ta ce ta ga kwalabena a wayar 'yarta, ta rantse ta ɗauka na shiga sana'ar arna. Muka yi dariya. Hajiya ita ba ta yi mini tsiya ba. Takan bugo ta ce, "Ƙanwata, wurinki yana nan, na hana mai ƙosai ta matso." In ce mata wata mai zuwa in sha Allah. Wata mai zuwa ya zo da odarsa.

Ranar wata Alhamis, a makon da kwalayen kulob suke fita, ina tsaye kan tukunya aka bugo mini. Alhaji, mijin Hajiya, ya faɗi a shagonsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Na kashe wuta na zauna a kan bokiti. Tukwane cike suke, zoɓo ya riga ya jiƙu, kwalabe na jere an wanke su da ruwan zafi. Zoɓo ba ya jira. In aka bar shi ya kwana ba a ɗura ba, ya lalace. Kicin ɗin kuma ranar Asabar na wasu ne. Na kira Uwata a wurin aiki.

"Inna lillahi," ta ce. "Mma, an riga an cire kuɗin mutane. Saƙo ya tafi tun jiya."

"Na ce musu me?"

"Kin ce Asabar."

Ba ta ce kada in je ba. Wannan ina so a sani. Ta ce in ina so ta rubuta wa kowa ta ba da haƙuri, sai dai wasu za su fita daga kulob ɗin, wasu su rubuta baƙar magana a shafin shagon, kuma shugabanta yana duba yadda shagon yake tafiya. Na tuna yadda babanta ya fara nuna wa abokansa hoton kwalbar a wayarsa yana cewa aikin 'yarsa ne.

Na ce, "Bari. Zan gama in je."

Na kira Hajiya, wata ce ta ɗauka, ana ta kuka a bayanta. Na ce a gaya mata ina nan tafe. Na kunna wuta.

A wurinmu in aka yi rasuwa, ba gaisuwa ce kawai ake jira daga na kusa ba. Mace ta kusa takan zo da zaninta na aiki, ta kwana, ta karɓi kicin daga hannun masu gida, don wadda aka yi wa mutuwa ba ta taɓa tukunya. Duk wanda ya zo gaisuwa, daga hannunki zai ci. Wannan aikin nawa ne a gidan Hajiya, kowa ya sani. Ina ɗura kwalabe ina ganin wata tana tsaye a wurina.

Da Juma'a ta yi, aka yi jana'iza ina liƙa takarda a jikin kwalba. Zuciyata ta kasa zama. Sai dabara ta zo mini. Na ce tunda ƙafata ba ta je ba, bari hannuna ya je. Mutane za su cika gidan, za su so abin sha. Na ce wa Uwata ta sa kwalaye biyu a cikin na direban da ke kai mana kaya, a kai gidan Hajiya Asabar da safe.

"Da sunan wa?"

"Da sunan Hajiya mana. Ita nake yi wa."

Tana sauri, ni ma ina sauri. Ta shigar da shi a manhajar a matsayin kyauta, don ta nan ne kaɗai direba yake ganin adireshi. Ba wadda ta tuna a cikinmu abin da manhajar take yi da kyauta.

'Yar Nijar ɗin nan ce ta ba ni labari daga baya, ba ta rage komai ba. Malamai suna zaune a falo ana addu'a, maza sun cika har baranda. Sai ga direban, wani dogon saurayi da guntun wando, ya turo kwalaye irin na giya, masu gurbin kwalabe a ciki, an ɗaura musu jan ƙyalle. Ya kira sunan Hajiya, sunanta na yanka, da ƙarfi, sunan da ko Alhaji bai kira ta da shi a gaban mutane ba. Ƙanen marigayi ya ce a ba shi ya karɓa. Saurayin ya ce a'a, na'urarsa ba ta yarda ba, sai mai sunan ta fito da katinta ya ga shekarunta. Aka ce masa matar tana takaba, mijinta jiya aka binne shi, ba ta fitowa gaban maza. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma in bai ga kati ba sai ya koma da kaya. Ba rashin kunya ya yi ba, aikinsa ke nan. Surutu ya yi yawa, wani dattijo ya leƙa kwalin ya ga wuyan kwalabe ya yi salati. Don a kashe maganar, Hajiya ta lulluɓa ta fito har bakin ƙofa, ta miƙa kati, ta sa hannu da yatsa a kan gilashin na'urar.

A saman kwalin akwai ɗan kati mai zanen kofuna biyu suna karo. Wani yaro ya karanta, aka ce ya fassara. Wai ina taya ta murna, ta sha ta more wannan rana.

Ban iya zuwa ranar Asabar ɗin ba, kunya ta hana ni. Ranar sadakar uku na shirya, na sa zanin aikina a jaka, na hau bas zuwa Grand Concourse, titin da gidan Hajiya yake. A lif, na'urar hawa benensu, na yi ta maimaita abin da zan ce.

Hajiya tana zaune a ɗaki kan darduma, mata kewaye da ita. Ta rame a 'yan kwanakin nan. Na durƙusa.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta."

"Amin. An gode. An ga saƙo."

Na buɗe baki in yi bayani, ta ɗaga hannu kaɗan, ba da faɗa ba.

"Na san ba ke kika rubuta ba. Yaran sun gaya mini inji ne." Ta juya ga wata yarinya. "Ku kawo wa baƙuwa kujera. Ku zubo mata abinci."

Baƙuwa. Aka kawo kujera mai laushi aka ajiye mini a falo, wurin da matan da suka zo daga nesa, daga Brooklyn, suke zaune. Daga nan ina hango kicin. Mai ƙosai ce a kan tukunyar tuwo, ta ɗaure ƙugu, tana ba da umarni. Na tashi na nufi wurin, na ce bari in kama muku wanke-wanke.

"Haba, mai kamfani, zauna abinki," ta ce. "Kada ki ɓata hannu. Mun isa."

Na koma na zauna da faranti a cinya. Jakata tana gefen ƙafata da zanin a ciki. Can ƙasa wayar ta yi ƙyal, matar da ke kusa da ni ta dube ni, na yi kamar ban ji ba. An sha zoɓon, na ga kwalaben babu komai an tara su a bayan ƙofa, an juya su fuska ga bango.

Da na dawo gida na sami Uwata a falo. Ta riga ta ji. Idonta ya kumbura.

"Mma, laifina ne. Na manta da katin. Na manta da sa hannun."

"Ba laifinki ba ne. Uwata, ina so in tambaye ki. Abin nan, ana iya tsayar da shi?"

Ta ce ana iyawa. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini wurin da ake dannawa a dakatar da wata guda. Na ce in an danna me zai faru. Ta ce saƙo zai tafi ga kowa.

"In ce musu me?"

Ta karanta mini. Wai ina ba da haƙuri, ina hutawa kaɗan, amma wata mai zuwa zan dawo da kwalinsu har da ƙarin kwalba kyauta. Ta ce ana iya canza kalmomin, amma dole a sa ranar dawowa, manhajar ba ta karɓar dakatarwa marar rana.

"In kuma rufewa ce gaba ɗaya?"

Sai ta ce akwai abin da take so ta gaya mana ita da babanta, tana jira a gama zaman makoki. Ta ba da sanarwar barin aiki. Shagon ya kai inda zai riƙe mu, ta ce, in ta ba shi dukan lokacinta. Ba za ta ƙara cin kuɗin masu giya ba. Baba zai iya ɗaga kai a masallaci. Ta sa hannu a hayar kicin ta shekara.

Tana faɗa tana kallon fuskata, irin kallon da take yi tun tana ƙarama in ta kawo sakamakon jarrabawa.

Na ce, "Allah ya yi miki albarka."

Abin da na ce ke nan.

Hajiya ta yi takabarta. Nakan je ranar Talata, ranar da ba kicin, in zauna. Tana karɓata da fara'a, tana tambayar yara, tana tambayar kasuwa. Ni ma in tambayi jikinta. Akwai ranar da muka yi hira har ta yi dariya, da na ba ta labarin mai burodin nan da ya ɗanɗana zoɓona citta ta kama shi yana ta tsalle. Na ce a raina yau kam mun dawo. Na miƙe na ɗauki kofunan shayin da muka sha zan kai kicin. Ta sa hannu ta karɓe su a hankali ta ajiye gefenta.

"Bar su, yara za su ɗauka." Ta dubi taga. "La'asar ta yi. Tashi ki kama hanya, kada mutanenki su jira ki."

Na ce ba wanda yake jirana yau.

"Kullum akwai," ta ce. "Ki gaida gida."

Na sa takalmina. Ta rako ni da ido har ƙofa, wata yarinya ta rufe a bayana. Na sauka na tsaya a tashar bas tare da masu dawowa daga aiki. Gobe Laraba, ranar sayen citta da wanke kwalabe.